Lalle a Kan Miki

Autata ba ta iya zama ba. Tun tana tatata haka take, kuma ba daga nesa ta ɗauko ba, don ni ma ban iya ba. In na aike ta sayen gishiri da gudu take zuwa, da gudu take dawowa, wani lokaci ba gishirin, sai haki da dariya. Ba ta buɗe baki ta yi magana ba sai da sa'o'inta suka fara tallan gyaɗa. Har yau da ta zama budurwa, in ka gaya mata abu biyu a jere, na farkon ya zube kafin ta ɗauki na biyu. A ƙauyenmu, can ta wajen Dandamisa, gaɓuwa suke ce mata. Ba a gabana ba dai. Wadda ta taɓa faɗa a gabana a bakin rijiya ba ta sake ba.

Wani malamin wasanni ne daga Makarfi ya gan ta tana korar akuya daga gonar rake. Ya ce akuyar ce ta fara gajiya. Ya biyo ta har gida, ya yi sallama, ya ce yana tara yara masu jinkirin fahimta irin nata duk Asabar a filin firamare, yana koya musu tsere da ƙwallo.

Na ce, "Malam, abin kallo za ka mayar mini da ita?"

Ya ce, "Zo ki gani da idonki, Inna. In bai yi miki ba ki riƙo hannunta ku tafi."

Na je. Na ga Auta cikin dogon wando da ɗan ƙaramin hijabi, ƙafa ba takalmi, ta tsaya a layi. Malam ya busa usur. Ban san sa'ad da na jefar da mayafina ba. Na sha jin jama'a suna yi wa yarinyar nan ihu, amma ranar ce na fara jin ihun da ba na tsokana ba.

Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, magana a gidanmu kuwa ta yayarsa ce, wadda yara suke kira Goggo, ni kuma nake ce mata Yaya. Da farko ta ce 'ya mace da guje-guje abin kunya ne. Da ta je fili sau ɗaya, sai ta fi kowa. Ita ce mai dafa wa Auta ƙwai ranar Asabar, ita ce mai zagin duk yarinyar da ta kusa kamo ta.

Da rake ya fara shiga kasuwa, Malam ya zo da labari. Za a yi gasa a Kaduna ta yara irin namu, kuma ya sa Auta a tseren 'yan mata. Amma sai an sami kuɗin mota da na masauki, sai likita ya duba kowane yaro ya yarda, kuma can ba a gudu da ƙafa tsirara, sai da takalmi. Tun daga ranar Auta ba ta da wata kalma sai Kaduna. Ba ta san inda take ba. Ta taɓa tambayata ko ta fi rafi nisa.

Mu iyaye mata muka haɗa kai muka dafa mazarƙwaila muka kai kasuwar Makarfi. Hayaƙi ya ci mana ido, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Sai aka ce a kafa gidauniya a gayyato masu hali.

Ban so taron nan ba, gara in faɗa. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, manya suna inuwa, yaranmu kuwa an jera su a rana kamar kayan da aka kasa. Mai lasifika yana ta "bayin Allah, abin tausayi," yana nanatawa. Na tashi na zauna, na tashi na zauna, har Goggo ta danne mini cinya ta ce, "Ke, ƙudan zuma ne a zanenki?" Na ce mata 'yata ba abin tausayi ba ce, ta fi ɗan mai lasifikar nan gudu. Ta ce in yi shiru a ba mu tukuna.

An kuwa bayar. Wanda ya fi kowa shi ne wani Alhaji daga Kudan, dillalin tumatir, mutumin kirki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ɗauki nauyin mota, sannan ya sa aka sauke buhu guda na takalman kambas sababbi fil. Shi da kansa ya tsaya yana rabawa. Ya zura hannu cikin buhu, wanda ya fito ya miƙa wa yaron da ke gabansa, a ɗauki hoto da waya, a tafa, na gaba ya matso. Ba wanda ya gwada. Wa ma zai gwada? A wurinmu in babba ya ba ka abu a bainar jama'a, durƙusawa kake yi ka karɓa da hannu biyu ka ce Allah ya ƙara arziki. Ba ka juya shi kana dubawa, balle ka ce bai yi maka ba. Auta ta sami ja. Ta rungume shi kamar jariri.

A gida na ga sai da ta zura ƙafa cikin leda sannan takalmin ya shiga. Na ce anya bai yi mata kaɗan ba? Goggo ta ce sabon takalmi ai sai ya sha ƙafa yake saki. Na tambayi Auta ko yana matsa ta, ta ce, "Nawa ne." Ba ta ƙara ba.

Daga nan gudun ya fara ja da baya. Wata yarinya 'yar Gazara, wadda a da ko ƙurar Auta ba ta sha, ta fara kamo ta, har ta wuce ta. Malam ya ce ko ba ta cin abinci ne. Goggo ta ce kambun baka ne, tun ranar gidauniya da aka yi ta nuna yarinya da yatsa. Ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta ƙara ƙwai. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Auta ba ta kawo ƙarar ciwo, haka Allah ya yi ta. Ta taɓa ƙona hannu a murhu, sai da na ga bororon sannan na sani. Sai na lura takalmin ba ya barin ƙafarta ko a cikin gida, in za ta yi alwala kuma sai ta zagaya bayan rumbu.

Na bi ta can na ritsa ta. Na zaunar da ita da ƙarfi na tuɓe takalmin. Warin ne ya fara dukana. Farcen babban yatsanta na dama ya yi baƙi ƙirin, gefensa ya kumbura sumtum, mugunya tana tsattsafowa. Ta dube ni ta ce, "Inna, kar ki faɗa wa Kaduna."

Ranar kuwa saura kwana biyu a je Ikara wajen likitoci.

Na kira Goggo ta gani. Ta yi salati, ta riƙe haɓa, sannan ta ja ni gefe.

"Kin san abin da likitocin nan za su zo yi? Tankaɗe za su yi. Duk wanda aka ga aibi a jikinsa an cire shi."

"Malam ya ce dubawa za su yi su ba da magani."

"Malam yaro ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi. Ki tambayi matan Makarfi. Mai ɗan nan da idonsa ke ja ta rambaɗa masa kwalli. Mai yaron da kunnensa ke ruwa ta cusa masa auduga da turare. Ke kaɗai ce za ki kai taki a buɗe?"

"To me kike so a yi, Yaya?"

"Lalle. A ƙunsa mata har idon sawu, ya kama ya yi baƙi. Wa zai bambance baƙin farce da baƙin lalle? Ga shi kuma magani ne, yana busar da miki. In ta dawo daga Kaduna sai a kai ta asibiti, ni zan kai ta."

Na ce ta bari in yi tunani. Lokacin ina zuwa ajin manya bayan la'asar, ni da furfurata, ina koyon abin da jikokin wasu suka riga ni sani. Na tafi aji, amma jikina kaɗai ya je. Malama ta ce in karanta, na karanta layi ɗaya na sake karanta shi, mata suna dariya. Na tattara littafina na fito ba a tashi ba. Ban jira mai babur ba, na sa kai da ƙafa.

Na tarar an gama. Auta tana zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, an naɗe su da leda da tsumma. A zaune fa, ita da ba ta zama. Fuskarta sai walƙiya take.

"Inna, ni amarya ce."

"Yana yi miki zafi?"

"Sanyi."

Ban kwance ba. Na ɗauki tsintsiya na share tsakar gidan da aka riga aka share. Na wanke tukunyar da ba ta da dauɗa. Na je bakin ƙofa na dawo. Ina jin Goggo tana koya mata: "In an ce ina yake miki ciwo, me za ki ce?" Auta ta ce, "Lafiya lau." Goggo ta ce, "Yauwa 'yar albarka. Sake faɗa."

A wata makaranta aka yi abin a Ikara. Yara daga Kudan, daga Makarfi, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da uwarsa ko kakarsa. Ban san muna da yawa haka ba. Kowane aji da abin da ake dubawa: nan ido, nan kunne, nan haƙori, can ƙarshe ƙafa. A ɗakin ido ba haruffa suke nuna musu ba, hoton kaza ne da na mota, Auta ta faɗe su duka har da kukan kazar. A ɗakin haƙori likitan ya ce yaran ƙasar rake duk bakinsu ɗaya ne. Muna tafe daga aji zuwa aji, ni ina kallon yadda take taka gefen ƙafa in ta ga ba mai kallonta.

Mai duba ƙafa wata nas ce, babbar mace mai tabarau, bakinta irin na Zazzagawan birni. Da Auta ta tuɓe takalmi sai ta yi dariya.

"Ikon Allah! Wai bikin wa ake yi a Makarfi ba a gayyace ni ba? Duk 'yan matanku da ƙunshi."

Ashe Goggo ba ta riƙe dabararta ita kaɗai ba.

Goggo ta ce, "Kwalliya ce, 'yar nan. Ai ba a zuwa gaban manya haka nan."

"Ya kuwa kama. Amarya, akwai inda yake miki ciwo?"

Auta ta dubi Goggo. "Lafiya lau."

"Ko'ina?"

"Lafiya lau."

Lallen ya yi aikinsa. Kumburin ya ɗan saɓa, baƙi ya haɗe da baƙi, turaren da Goggo ta fesa ya danne sauran. Layi ya kai har waje, yara suna kuka, nas ta juya tafin ƙafar ta duba, ta duba diddige, ta ɗauki biro. Goggo ta sauke numfashi har ina ji. Auta ta jawo jan takalminta, ta ciro ledarta daga aljihu, ta fara zura ƙafar. Ina kallon fuskarta. Ba ta yi ƙara ba. Ta dai cije leɓe, jijiyar wuyanta ta miƙe, gumi ya feso mata a hanci.

Na ce, "Malama nas, ajiye biron nan."

Goggo ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ya kwana biyu bai baje ba.

"Ki danna babban yatsanta na dama. Akwai miki a ƙarƙashin lallen."

"Ke dai bakinki ba shi da linzami," in ji Goggo. "Allah ya isa tsakanina da ke. 'Yar cikinki!"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya."

Nas ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta sa safar hannu ta danna gefen farcen a hankali. Auta ta ƙwalla ƙarar da tun da na haife ta ban taɓa jin irinta ba. Mugunya ta fito har kan safar.

Aka kira likita. Ya sa aka wanke, ya haska da tocila, ya nuna mini inda jan ya fara hawa bayan ƙafa, wurin da lalle bai kai ba. Ya ce farcen sai an cire, sai ta sha magani, kuma ba gudu sai ya warke. Na ce gasar fa? Ya girgiza kai ya ce ba zai warke kafin nan ba.

Na ce, "Likita, gaya mini tsakani da Allah. Da na yi shiru fa?"

Ya ce, "Wataƙila ta yi gudunta ta dawo a yi magani. Wataƙila kuma ya shiga ƙashi a rasa yatsan. Ba zan ce miki ga wanda zai faru ba, Hajiya."

Na so ya ce mini tabbas da ta rasa ƙafa. Da ya faɗi haka da na sami abin da zan riƙa jefa wa Goggo, da kuma abin da zan riƙa gaya wa kaina. Bai faɗa ba.

Nas kuwa ranta ya ɓaci. Ta sa aka dawo da duk 'yan matan da ta sallama masu ƙunshi, ta aika ɗakin kunne a zaro auduga. Sannan ta ɗauko wani katako mai lambobi ta ce kowane yaro ya taka. Nan aka ga abin kunya. Wani an ba shi wanda ya matse shi, wani an ba shi kwalekwale ya cusa tsumma a gaba. Malam ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce shi ma ya lura, amma ta ina zai fara cewa kyautar Alhaji ba ta yi ba? Aka zube takalma a baranda aka shiga musaya kamar 'yan gwanjo.

Jan takalmin Auta, kamar don ita aka yi shi, ya zauna daram a ƙafar yarinyar nan 'yar Gazara. Nata kuma, wani baƙi mai faɗi, shi ne daidai Auta. 'Yar Gazarar ce kuma Malam ya ce za ta shiga gurbin Auta a tseren. Uwarta ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini jaje, ta gaida Goggo ba ta amsa ba, ta yi ta kewaye-kewaye ta kasa faɗin abin da ya kawo ta. Na ce, "Na sani, 'yar'uwa. Tashi."

Auta tana zaune da bandeji, ta ƙanƙame takalmin a ƙirji. Na lallashe ta, na nuna mata baƙin, na ce ya fi kyau. Ta ce, "Nawa ne." Na ce wannan yana cizo. Ta ce, "Nawa ne. Kaduna." Da lallashi ya ƙare sai na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta gantsara mini cizo a hannu har jini. Ban doke ta ba. Na miƙa wa matar takalmin na ce ta yi sauri ta ɓace da shi.

Muka dawo gida. Goggo ta daina cin tuwona, ta koma dafa nata a wani murhu. In mun haɗu a tsakar gida sai ta ce da kaza, "Matsa, kar a tona miki asiri ke ma."

An tafi Kaduna an dawo. 'Yar Gazara ta zo da wani abin wuya mai ƙyalli, aka yi ta yawo da ita a babur. Auta ba ta fahimci an gama ba. Kullum da safe in ta idar da salla sai ta zo ta tsaya a kaina: "Inna, yau ne Kaduna?" Nakan ce an riga an je. Ta gyaɗa kai kamar ta gane, gobe ta sake tambaya. Goggo, da ta fara yi mini magana, abin da ta fara cewa shi ne, "Ki ce mata gobe mana, me zai ci ki?" Na ce ba zan ce ba. In na ce gobe, za ta kwana a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

Farcen ya fito, a karkace, amma ya fito. Ta koma fili da baƙin takalmin, ba ta son sa, tana dai sawa. Da Malam ya ce za a sake kafa gidauniya ko Allah zai sa a sami wata gasar, sai na ce ya tara mini yaran. Na zo da karan dawa da wuƙa. Kowane yaro ya taka ƙasa, na auna kara daga diddige zuwa yatsa na yanke, yadda muke yi in za a sayo wa yaro takalmin salla ba tare da shi ba. Na rubuta sunan kowa a jikin karansa da hannuna, rubutun kamar tafiyar kaza, amma yana karantuwa. Na ɗaure su dami guda na hau mota zuwa Kudan.

Na sami Alhaji a rumfarsa cikin kwandunan tumatir. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da ta iyali da ta kasuwa. Ya gane ni. Ya ce, "Ke ce uwar mai jan takalmi! Yaya, ta ciyo mana?"

Na gaya masa duka, ban rage ba, har lallen. Yaransa suka daina ɗaure kwando suna saurare. Da na gama sai Alhaji ya ce:

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa zai gaya maka, Alhaji?"

Ya dubi damin karan, ya zaro ɗaya ya juya shi, ya karanta sunan a hankali. Ya ce wanne ne na yarinyar? Na nuna masa. Ya kira direbansa ya ce a sa damin a gaban mota, kada a ɗora masa kaya. Ya ce in ci abinci, na ce sauri nake yi, alhali ba abin da ke jirana.

Gasar dai har yanzu ba a sa rana ba. Malam ya ce ana magana. Duk Asabar nakan je fili in tsaya, ba na zama, in tambaye shi, ya ce ana magana. Da na dawo daga Kudan ran nan, tun daga nesa na hango Auta a bakin hanya tana tsalle da ƙafa ɗaya tana canzawa. Ta rugo ta karɓi jakata.

"Inna, Kaduna kika je?"

"A'a, Kudan."

"Yau ne?"

"Ba yau ba ne."

Ta ce to. Ta ɗora jakar a ka ta zura da gudu, ta bar ni a baya ina ƙwala mata kira ta kula da kwalbar manja.